Mudun Gero a Kan Kunama

An rushe maƙerarmu a daminar da ta wuce, wai za a faɗaɗa hanya. Ban yi gardama da kowa ba, don rabon da a hura wuta a cikinta an daɗe, ƙofarta ma gara ta riga ta gama da ita. Amma ran da na bi ta wurin bayan La'asar na tarar da fili fetal, babura suna wucewa ta daidai inda uwar maƙera take zaune a da, sai na kasa wucewa. Na tsaya nan kamar wanda ya ɓata a unguwar da aka haife shi, har wani mai babur ya daka mini tsawa wai in kauce. Na kauce ɗin, me zan ce masa? Bai san cewa a cikin ɗakin da yake takawa na aikata wani abu ina da ƙuruciya ba, abin da na ɓoye wa mutumin da ya fi kowa haƙƙin ya sani, na yi ta ɓoyewa har muka yi furfura tare.

A zamanin da nake magana, unguwarmu ba ta bukatar agogo. Da an sallame Asuba za ka ji zuga-zugi ya fara numfashi, sai warin gawayi ya bi lungu, sai kuma masaba ta fara. Kowane maƙeri da irin bugunsa. Na Babanmu sau uku ne a kan jan ƙarfe, na huɗun ya sauke a kan uwar maƙera a hankali, kuma matan maƙwabta sukan ce da bugun nan suke daidaita dakansu. Da hantsi manoma su zo da fartanya da garma, mahauta su zo da wuƙaƙe, a zauna a kan kututture ana hira ana jiran aiki, ba mai duba hannunsa ya ce sauri yake yi. Yau lungun nan ba ka jin komai sai janareta da waƙar waya. Fartanyar ma daga waje ake kawo ta, ta yi damina ɗaya ta lanƙwashe a jefar, ba wanda zai yi tunanin kai ta gyara. Ba na cewa mutanen da sun fi na yanzu hankali, don ni ma na da ne, kuma za ku ji irin hankalin da na yi.

Abin da aka fi sanin Baba da shi gyaran bindigar maharba ne, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Daga ƙauyukan bakin dajin Rugu ake kawo masa, lokacin da daji yake na namun daji da masu farautarsu, mutum ya kwana uku a ciki ba abin da yake tsoro sai maciji. Kuma duk gyaran da Baba zai yi wa bindiga, ba ta fita daga hannunsa sai ya auna kunamarta, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa yake ja bindiga ta tashi. Yadda yake yi shi ne, sai ya tabbatar ba komai a cikinta, ya tsayar da ita baki sama, ya ɗana, ya rataya wata 'yar jaka da ƙugiya a jikin kunamar. Daga nan ya aika cikin gida a auno gero mudu ɗaya, ya riƙa zubawa a jakar a hankali. Idan kunama ta faɗi kafin mudun nan ya ƙare, ta yi laushi, ba zai ba da ita ba ko mai ita zai yi kuka. Idan ta ɗauki mudu, sai a auno na biyu, kuma dole ta faɗi kafin na biyun ya ƙare, in ba haka ba ta yi tauri, maharbi zai yi ta kokawa da ita hannunsa ya karkace, ya raunata dabba ta tafi ta mutu a banza. Tsakanin mudu ɗaya da biyu, nan Baba yake ajiye kowace kunama. Yakan ce, “Wadda ba ta ɗauki mudu ba, ba ta jiran mai ita. Tuntuɓe ma harba ta shikai.”

Ni kuwa a lokacin na kai mutum, na yi aure, hannuna ya faɗa, har Baba ya fara bar mini maƙera ya tafi gonarmu ta Batagarawa. Aunon nan na yarda da shi, abin da ya ishe ni shi ne zirga-zirgar. Kowace bindiga sai an shiga cikin gida, sai Inna ta yi mita an hana ta aiki, sai an auna an zuba an mayar. Sai wata kaka na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na auna mudu guda cif na sabon gero, na ɗinke shi a cikin ƙyallen saƙi, na sa masa ƙugiya, shi ke nan na huta. Da Baba ya gani ya ɗaga shi ya jinjina, ya miƙo mini. “Kwance shi ka kai ma uwarka ta yi kunu,” ya ce. “Auno sabo kullum. Gero shina da rai, ba shi zama yadda ka bar shi.” Na ce to. Da ya juya baya na rataye abina a ƙusa bayan ƙofa, inda ba ya dubawa. In yana nan a auno sabo, in ba ya nan in ɗauko ɗinkakke. Haka kaka ta wuce, rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, wani ranin ya sake zagayowa. Nakan ga ɗan gari fari-fari a ƙasa daidai ƙarƙashin ƙusar, in sa tsintsiya in share, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina yake zubowa ba.

Iro abokina ne tun muna yawon harbin ƙadangare a gindin ganuwa. Ɗan maharba ne gaba da baya, dogo, mai dariya da ƙarfi, mutumin da ba ya shiga wuri a rasa sanin ya shigo. Shi ya auri ƙanwata Dije, kuma tun daga ranar ya sami abin tsokanata. In yana son wani abu sai ya durƙusa ya ce “Yaya,” alhali ya girme ni da wata biyar, in ba ya son komai kuma “Ɗan maƙera” ne. Ni kuma Sarkin Dawa nake ce masa. Idonsa abin kwatance ne, yakan hango gada a kwance cikin ciyawa inda mu ba ma ganin komai. Sai karkare ya kama yatsan da yake harbi da shi. Ya sha wuya, yatsan ya warke amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa sosai, ba shi da ƙarfi. Ya koma daji ya riƙa kuskure, don kafin ya ja kunama bakin bindiga ya riga ya motsa. Ya gwada da yatsan tsakiya abin bai zauna ba. Mutumin da ake yi wa kirari ya fara dawowa gida da jaka wayam, abokan farauta suna yi masa dariya a ɓoye. Ya aiko ni in roƙi Baba a sassauta masa kunama, don shi kunyar surukuta ba za ta bar shi ya yi wannan magana da bakinsa ba. Baba ya ce a'a, in yatsa ya gaza a koya wa wani yatsan, mudu dai ba ya raguwa don suruki.

A cikin wannan hali ne soja suka ce za su koma bariki su ba farar hula mulki. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane irin zumuɗin da aka yi ba. Mun daɗe ba mu ji ana zagin shugaba a fili ba tare da waige-waige ba, sai ga motoci da lasifika suna zagaya gari, ga tutoci a kan kowace bishiya, ga maroƙa da makaɗa sun sami kasuwa. Wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda jam'iyya. Har maharba abin ya shafa, don kowane ɗan takara yana son a tarbe shi da harbin sama, albarushi zalla ba harsashi, ƙara da hayaƙi dai don a san babba ya iso. Aka ce wani babban ɗan takara zai zo Katsina, zai sauka a wani gida a unguwar manya ta Jiyare, daga nan a rako shi filin taro, kuma ana son maharba goma a bayan buɗaɗɗiyar mota su saki wuta lokaci guda da ya shigo fili. Aka sa sunan Iro. Murna da tsoro suka haɗu masa, don ya san in tara suka tashi tare tasa ta biyo baya ita kaɗai, a gaban duk garin za a yi masa dariyar da ake yi a ɓoye.

Saura kwana biyu ya shigo maƙera da hantsi, bindiga a naɗe cikin buhu. An yi ruwan shuka, Baba yana Batagarawa. Iro ya durƙusa har ƙasa.

“Yaya, barka da aiki. Ya zafin wuta?”

“Tunda na ji Yaya na san da magana. Mi kaka so, Sarkin Dawa?”

“Kai ma ka sani. Ɗan taɓa ta kaɗan. Ba don daji ba, don ranar nan ɗaya. In an gama in maido ka mai da ta yadda take.”

“Baba ya hana, Iro.”

“Baba cewa ya yi kada ta kasa mudu. Ni ban ce ka karya mashi doka ba. Kai ta bakin mudu ka tsaya, iyakarta ke nan.” Ya ɗago yatsan ya nuna mini, yana dariya, amma idonsa ba dariya a ciki. “Dubi abin da ya rage mani, Ɗan maƙera. Kada ka bari in ji kunya gaban mutane.”

Na karɓa. Na kwance ta, na fito da ɗan haƙorin ƙarfen da yake riƙe kunama, na sa magagari na goga kaɗan, na mayar, na ɗauko ɗinkakken gerona na rataya. Ta ɗauka. Iro ya gwada ya ce da saura. Na sake gogawa, na sake ratayawa, ta ɗauka. Sau uku muna haka, kuma a na ukun ma jakar ta tsaya cak tana lilo, kunama ba ta faɗi ba. A nan ne wurin da nake so in faɗi gaskiya. Da na ɗaga jakar nan hannuna ya ji ba ta kai yadda na san ta ba. Hannun maƙeri ba ya rasa jin irin wannan. Cikin gida taku ashirin ne, Inna tana nan, gero yana nan, mudu yana rataye. Amma ga Iro ya ja kunama ta faɗi tsaf ba tare da bakin bindiga ya motsa ba, fuskarsa ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba, ya rungume ni yana yi mini kirari. Sai na ce wa zuciyata ai ta ɗauki mudu, ga shi na gani da idona. Na naɗe masa ita a buhu ya tafi.

Ranar taron ban je ba, ina da garmar mutane a wuta. Abin da ya faru daga bakin waɗanda suke cikin motar na ji. A daji ba maharbin da yake ɗana bindiga sai ya ga nama, wannan kowa ya sani tun yana yaro. Amma masu shirya taro suka ce ba lokacin jira, kowa ya ɗana tun daga hanya, da an ɗaga tuta a saki. Suka ɗana su goma, suna tsaye a bayan mota a matse, kowa ya dasa gindin bindigarsa a ƙasa, bakinta yana sama kusa da fuska. Wajen Ƙofar Ƙaura direba ya kauce wa taron mutane, ƙafar mota ta sauka daga kwalta ta faɗa wani rami da ruwa ya ci. Bindiga goma suka daki ƙarfen mota tare. Tara suka yi shiru, ta Iro ta tashi. Ba harsashi a ciki, shi ya sa bai mutu ba, amma wutar albarushi da tsumman ɗuri a fuska suka same shi. Mutanen da ke gefen hanya suka ɗauka an fara harbin murna, suka ɗauki guɗa da tafi. Ni ina maƙera na ji ƙara ɗaya tilo daga nesa, na ce a raina wani ya yi gaggawa, na ci gaba da bugun garmata.

An kai shi asibiti, an yi abin da za a iya, idanun biyu dai sun tafi. Duk wanda ya zo jaje cewa yake ƙaddara ce, wasu su zagi direba, wasu su zagi masu siyasa. Ba wanda ya kalle ni. Washegari da safe Baba ya dawo daga gona, ya je ya dubo surukinsa, ya zo maƙera riƙe da bindigar da abokan Iro suka kawo. Ya tsayar da ita, ya ɗana, ya rataya jakarsa, ya shiga cikin gida da kansa ya auno gero. Yana zubawa ina kallo, ko rabin mudu bai kai ba kunama ta faɗi. Sai ya tura ƙofa ya leƙa bayanta kamar wanda dama ya san abin da zai gani. Ya sauko da ɗinkakken gerona, ya sa wuƙa ya farke. Ƙwari ne suka watse, baƙaƙe ƙanana, da gari, da ƙwayoyin da aka cinye cikinsu aka bar ɓawo. A ido jaka cike take. Na zauna a ƙasa. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki awartaki ya kwaɗa mini, bai yi ba. Ya share wuƙarsa a gefen riga ya ce, “Ni ba ni hwaɗa ma kowa. Kai za ka hwaɗa mashi da bakinka.”

Na ce zan faɗa in ya fito asibiti. Da ya fito na ce sai ciwon ya lafa. Da ya lafa Dije ta haihu, na ce ba yanzu ba. Baba bai sake tayar da maganar ba, sai dai duk ranar Juma'a in na dawo daga gidan Iro yakan ɗago ya dube ni, in sunkuyar da kai, ya mayar da idonsa kan aikinsa. Da wannan kallon ya bar duniya. Ni kuwa na zama sandar Iro. Ni nake jan shi masallaci, ni nake kai masa hatsi in an yi girbi, ni na tsaya wa 'ya'yansa har suka yi aure. Soja suka dawo suka sake tafiya, 'yan takara suka zo suka wuce, wanda aka yi wa harbin ma ban ji ya taɓa aiko da gaisuwa ba. Mutanen unguwa suka riƙa misali da ni, in wa ya yi wa ƙanwarsa rowa sai a ce bai ga wane ba? Ba abin da ya fi wannan yabon ƙona mini rai. Iro ya daina dariyar nan tasa mai ƙarfi, ya koyi tufkar igiya yana yi a ƙofar gida. Muna hira a kan komai, farashin gero, ruwan bana, rigimar yara, amma ranar nan ko sau ɗaya ba mu taɓa ambatonta ba. Na ɗauka tausayina yake ji, shi kuma ban san me ya ɗauka ba.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi, muka tsufa mu biyu, sannan na ga in ban faɗa yanzu ba sai dai a gaban Allah. Da hantsi ne, an fito da shi zaure ya sha iska, Dije ta shiga ciki dama masa kunu. Na zauna a bakin tabarma na kama hannunsa, na faɗa masa duka, da ɗinkin, da garin da nake sharewa, da yadda hannuna ya ji na ƙi saurare, da abin da Baba ya gani.

“Ɗan maƙera,” ya ce, “kai kana zaton ban sani ba ta yi laushi? Tun a maƙera yatsana ya gaya mani. Ko busa ta ka yi sai ta tashi. Daɗi na ji, na yi shiru kada ka mai da ta. A mota ma da anka ce a ɗana, na san bai kamata ba, kunya ta hana ni in ce tawa ba ta jurewa.”

“Iro, ni na goge ta. Ka yahe mani.”

“Wanga ba shi ne ba. Yahiya na yahe, in ma akwai abin yahewa.” Ya ja numfashi, ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata. “Abin da ban yahe ba shirun. Shekara nawa ina zaune cikin duhu ina cewa ni kaɗai na yi ma kaina, na maida ƙanwarka matar makaho don tsoron dariya. Ba wanda zan gaya mawa. Kai da kake riƙe da hannuna kullum, na ce in ka ji za ka raina ni. Ashe kai ma kana ɗauke da rabi. Da ka hwaɗa tun da wuri, ai da mun raba.”

Kuka kawai na yi, irin wanda ban yi ba ko ran da aka binne Baba. Dije ta fito da kwanon kunu ta tarar da tsofaffi biyu riƙe da hannun juna, ta tambaya lafiya, Iro ya ce mata ta ajiye ta ba mu wuri, hira muke. Tun daga ranar kullum da hantsi nake zuwa, kuma ba mu da wata magana sai ta ranar nan. Ya ba ni labarin abin da ya gani na ƙarshe, wata mata da jan kallabi tana ɗaga yaro sama don ya hango maharba. Na ba shi labarin ƙara ɗayan da na ji na ci gaba da aikina. Har dariya ya yi sau ɗaya, mai ƙarfin nan ta da, da na gaya masa yadda ƙwari suka hau ƙafar Baba. Kwana tara muka samu muna wannan hira, a na goma da safe aka aiko in zo in yi masa wanka.